Gadon Amarya a Ɗakin Inna Ishatu

A Tudun Wadan Zariya, idan mace ta tashi aurar da 'yarta, tun kafin a kai ga maganar gara sai ta ji wata ta tambaye ta ko ta je wajen Inna Ishatu. Inna ba ta da shago, ko kujera 'yar tsugunno ba ta sayarwa. Abin da aka san ta da shi shi ne raka mata sayen kayan ɗaki.

Marigayi mijinta, Malam Nagoda, kafinta ne, kuma rumfar aikinsa na jikin zauren gidansu. Cikin warin gam da dusar katako ta raini 'ya'yanta. Daga tsakar gida take jiyo ciniki, tana jin wanda zai gaisa ya tambayi iyali kafin ya taɓa kaya, tana jin wanda zai fara da kushe fenti. Daga yadda maigidan ya shigo cin abinci take gane wane iri ne ya zo. Bayan rasuwarsa wata maƙwabciya ta roƙe ta su je ta duba mata sif. Daga nan wata ma ta zo, abu ya bi ta.

Ranar farko a wajen Inna ta zagaye ce kawai. Tun daga bakin ƙofa za ta ce, "Malam, yau kallo muka zo," don kada mai shago ya sa rai. Za ta zauna a kan kujera ta ji kushin, ta ja dirowa, ta ƙwanƙwasa bayan sif, ta tambayi kuɗi, amma ba za ta taya ba. Ba ta ɗaukar farashin wani shago ta kai wani da sunan mai shi. Iyakarta ta ce ta ga irinsa a wani wuri. Ba ta kuma yarda wadda ta rako ta kushe kaya.

"Wanda ya yi abin da hannunsa yana tsaye," take cewa, "ki ce masa bai yi kyau ba, sannan ki nemi ragi? In bai yi miki ba, ki yi masa fatan kasuwa mu wuce."

Ba ta karɓar la'ada a hannun masu shago. Abin da iyayen amarya suka ba ta, turmin atamfa ne ko kwanon alkaki, shi take karɓa ta yi godiya.

Wata shekara Hajiya Hanifa ta zo mata daga Hanwa, za ta aurar da 'yarta Jannatu. Suka zagaya Tudun Wada, suka leƙa Kwangila, daga ƙarshe hankalin Hajiya ya kwanta da wani babban gado na maɗaci a shagon Vincent, wani ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a Zariya, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Da suka koma don saye, Inna ta gaishe shi, ta tambayi matarsa Chizoba da yara, sannan ta taya.

"Albarka, Inna," in ji Vincent. "Kuɗin katakon ma bai fita ba."

"To ai shi ya sa ban tashi ba. Sauko mu haɗu."

Ya sauko kaɗan, ta ƙara kaɗan. Ya aika aka kawo musu ruwan sanyi, suka taɓa hirar tsadar kaya, suka sake komawa kan gadon. Can Inna ta dubi Hajiya, Hajiya ta gyaɗa kai, Inna ta faɗi na ƙarshe. Vincent ya shafa kan gadon, sannan ya ce, "Na sallama. Allah ya sa amarya ta more." Aka tsayar da cewa jibi za a zo da kuɗi da mota.

Washegari da hantsi sai ga Hajiya Hanifa, fuskarta duk a dame. Kawun amarya ne ya aiko da saitin kayan ɗaki daga Kaduna, har da gado, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Mayar masa da kyauta kuwa ba zai yiwu ba.

"Inna, ki yi haƙuri. Da sauƙi ma tunda ba mu ba da kafin alƙalami ba."

"Ba mu ba da ba," in ji Inna, "amma bakina na bayar. Je ki ki ji da bikinki, Hajiya, ba laifinki ba ne. Ni zan je."

Da Inna ta isa shagon, Vincent ya saurare ta ya ce ba komai, kasuwa ta gaji haka. Sai dai Inna ta lura babu gadon a inda yake. An mayar da shi ciki an lulluɓe da leda. Da ta matsa masa da tambaya, ya ce bayan tafiyarsu wani Alhaji ya zo ya yi masa tayi mai kyau, shi kuma ya ce an riga an sayar. Alhajin ya tafi ya saya a wani wuri.

Inna ta gama jin bayaninsa. Da ta miƙe ta ce, "A kai mini gida. Ni na saya."

Vincent ya yi ta roƙonta ta bari. A gida ma babban ɗanta Salmanu ya ce wannan ɗora wa kai ne. Ta ce masa gobe idan ta taya kaya a garin nan, tana so mai shago ya san magana ce ta fito. Ta sayar da tumakin da take kiwo don Babbar Sallah, Salmanu ya cika mata yana ƙunƙuni.

Gadon ya ƙi shiga ƙofar ɗakinta sai da aka kwance shi aka haɗa a ciki, ya cinye rabin ɗakin. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo. Wata tsohuwa ƙawarta ta leƙo ta ce, "Amarya, yaushe angon zai iso?"

"Yana hanya," in ji Inna. "Ya tsaya neman sandarsa."

Ita kanta ba ta iya kwana a kai ba, ta ce ya yi mata tsawo, ta koma kan tsohon gadonta na ƙarfe. Bayan biki Hajiya Hanifa ta zo da zanin gado da matasan kai, ta shimfiɗa da hannunta, suka wuni suna hira. Tun daga lokacin zumunci ya ƙullu tsakaninsu. Inna kuma ta ƙara abu ɗaya a tsarinta: kafin ta taya komai sai ta ja uwar amarya gefe ta tambaye ta ko an ji ta bakin dangin uba da na uwa.

Yanzu ciwon gwiwa ya rage mata yawo, sai wanda ya matsa ya kawo Keke Napep har ƙofar gida. Gadon kuma ya samu masu shi. Duk 'yar dangi da ta haihu ta zo wankan jego, a kansa ake sauke ta. Bara autarta Fiddausi ta haifi tagwaye, ta zo ta kwanta da su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har da sauran wuri. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon kunun kanwa a hannu, ta dube su, ta ce wa Salmanu ya je ya sayo babban gidan sauro, wanda zai rufe gadon gaba ɗaya.