Gwaggo da Kabad ɗin Waɗanda Aka Ƙi

Ƙarfe bakwai da rabi mijinta yake sauke ta a bakin ginin gudanarwa na jami'armu, ya wuce shagonsa na ɗinki. Ta hau bene, ta wuce ofishin Darakta mai labule da firji, ta buɗe ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda. Tagar ɗakin ba ta tsayawa da kanta, sai an tokare ta da tsohuwar rula. Ta tokare, ta kunna kwamfuta, kafin kwamfutar ta gama farkawa ta goge tebur. Sannan ta shiga duba sanarwar gidauniyoyin da ke neman masu binciken da za su tallafa wa.

A takarda, aikinta shi ne ta buga sanarwar ta manna a allo. Tana mannawa. Amma ta san allon nan ba mai karanta shi sai wanda ke jiran wani. Don haka takan buga ta biyu, ta rubuta ranar rufewa a samanta da agogonmu, ba da agogon ƙasar masu tallafin ba, ta ɗauka da ƙafarta ta kai wa wanda ta san abin ya dace da shi. Ta san mai binciken ƙwarin hatsi, ta san mai binciken harshen kurame, ta san wanda ya daina bincike tun da daɗewa yana dai sa hannu a rajista. Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ita ce akawun ofishin tallafin bincike, shekara ashirin da shida ke nan, kuma takardar shaidarta ta koyon aikin sakatare ce kawai.

Ƙarshen wannan wata za ta yi ritaya. Ba a naɗa mai gadonta ba. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa ɗakinta zai zama wurin jiran baƙin Darakta. Ba wanda ya tambayi abin da za a yi da kabad ɗin ƙarfen da ke bayan kujerarta, wataƙila don 'yan kwamitin sun ɗauka tsofaffin fayiloli ne a ciki. Saboda kabad ɗin nan nake wannan rubutu.

Duk wanda ya nemi tallafi bai samu ba, ana aiko masa da wasiƙa, sau da yawa haɗe da sharhin masu tantancewa: ga inda ka yi rauni, ga abin da ba ka amsa ba. Wannan sharhi ya fi bita goma amfani. Amma mu malaman jami'a muna ɓoye shi kamar ciwon da ba a faɗa. In mutum ya samu, har mai gadi sai ya ji. In bai samu ba, sai ya ce ai bai nema ba. Shi ya sa kowane sabon malami sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa, na gaban yana tsaye yana kallo, hannu a aljihu. Muna kiran wannan mutunci. Ni girman kai nake kiransa, kuma ya cinye bincike da yawa a wurin nan.

Gwaggo ta fara roƙon wasiƙun tun shekararta ta uku a ofis. Takan ce wa mutum, "Kawo mini ita in ajiye maka, tunda ba za ka rataye ta a falo ba." In ya kawo, a gabansa za ta ɗauki reza ta yanke sunansa, da sunan sashensa, da duk layin da zai iya tona shi. Ba ta shafewa da biro, don ta ce tawada in an ɗaga takarda a rana tana magana. Sai ta sa wa wasiƙar lamba, ta rubuta lambar da sunan a wani ɗan littafi da ba ya barin jakarta. Alkawarinta ga kowa ɗaya ne: ba mai sanin mai wasiƙar sai ita, kuma ranar da za ta bar wurin nan ba za ta bar sirrinsa a hannun da bai yarda da shi ba.

Ba bisa tsangaya ta jera su ba, bisa cuta ta jera su. Durowar sama ta waɗanda aka yi wa tambaya suka amsa wata ce daban. Ta biyu ta masu alkawarin gyara duniya cikin shekara ɗaya ce, kuma ita ta fi cika. Tawa wasiƙar ma tana can. Akwai ta waɗanda aikinsu ya kalli gabas, tsarin kashe kuɗinsu ya kalli yamma. Ta ƙasa kuwa ta waɗanda ba a ma karanta tasu ba, saboda sa hannu ɗaya ya ɓace ko an aika bayan an rufe. Malamai suna kiran kabad ɗin maƙabarta. In ta ji sai ta ce, "Maƙabarta ana fitowa daga cikinta? Nan asibiti ne."

Mijinta ma bai ƙyale ta ba. Babbar 'yarsu ce ta ba ni labarin yadda yakan tsokane ta idan ta dawo tana murnar samun sabuwar wasiƙa.

"Uwar yara, mata suna tara zinare, ke kina tara 'ba ka samu ba'?"

"Kai fa, Malam? Wa ya cika mana ƙarƙashin gado da ƙyallayen rigunan mutane?"

"Ai da ƙyalle ake faci."

"To ka gani."

Akwai wata malama mai binciken ruwan rijiyoyi wadda ta yarda in ba da labarinta. Tallafin da take nema na sababbin masu digiri na uku ne, wanda ake rufe wa mutum ƙofarsa in ya wuce shekara biyar da kammalawa. An ƙi ta sau biyu, saura mata dama ɗaya. Gwaggo ta kai mata sanarwa har ofis, malamar ta mayar mata da ita a miƙe.

"Gwaggo, ki kai wa masu uwa a gindin murhu. Ni na gama."

"Kin gama me? Kin gama gwada ruwan rijiyoyin?"

"Na gama shan kunya."

"'Yar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kawo wasiƙun nan biyu, ki zo ki sha shayi."

Ta zo washegari da safe, fuska a ɗaure. Gwaggo ta yanke sunanta, ta buɗe durowa ta biyu, ta zaro mata wasiƙu tara na mutane daban-daban, ta ce ta karanta ba tare da ta ce uffan ba. Malamar ta karanta ɗaya, ta karanta biyu. A ta biyar ta fara dariya. Duk kalmar da aka gaya mata an gaya wa mutum tara kafin ita, wasu ma da zafi fiye da nata. Ita ta rubuta cewa za ta magance matsalar ruwan sha baki ɗaya, alhali abin da ke hannunta rijiya arba'in ne da ta san zurfin kowacce, ta san mai ita, ta san watan da ruwanta ke canja ɗanɗano.

"To me ya hana ki rubuta rijiya arba'in?" Gwaggo ta tambaye ta.

"Sai su ce aikin ƙarami ne."

"Waɗannan tara duk manya suka rubuta. Ga su nan a durowa."

Ta rubuta rijiya arba'in. Takardar tana buƙatar sa hannu bakwai, Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen sai da ta tare shi a bakin motarsa ya sa hannu a kan boneti. An ba malamar tallafin. A taron taya murna Darakta ya yi jawabi mai tsawo game da hangen nesan hukuma. Gwaggo tana baya tana raba ruwa.

Ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya samu tallafi a nan cikin shekara ashirin, bincika ka gani, da wuya bai taɓa zama a kujerar katakon da ke gefen kabad ɗin ba. Daraktoci takwas aka yi a kanta. Kowanne ya zo da sabon tambari da sabon take, ya shirya bita a babban ɗaki, aka ɗauki hoto, ya tafi. Ba ɗaya da ya taɓa jan durowar nan.

Gwaggo, ke ce kika gane cewa abin da ya fi ƙaranci a jami'ar nan ba hanyoyin tallafi ba ne, mai gaya wa na baya inda ya yi tuntuɓe ne. Ke ce mai reza wadda ba ta taɓa yanka kowa ba. Kin riƙe sirrin mutum ɗari huɗu da 'yan kai a cikin jakar hannu, ba ki taɓa amfani da ko ɗaya don neman alfarma ba, alhali cikinsu akwai waɗanda suka zauna a kan takardar ƙarin girmanki.

Da labarin kwamiti ya iso gare ta, ba ta yi gardama ba. Ta sayo ambulan da yawa, ta fito da ɗan littafinta, ta fara shirin mayar wa kowa da tasa. Malamar rijiyoyi ta ce a ba ta makullin kabad ɗin ta riƙe, Gwaggo ta ƙi.

"Ba don ban yarda da ke ba, 'yar nan. Amma ke malama ce, kuna neman abu ɗaya da su. Ni sun ba ni ne don ba na neman kujerar kowa. Alkawari na yi."

Ke nan aikin shekara ashirin da uku zai koma aljihun masu shi, ya ɓace.

Malamar ta kai kukan wurin tsohon malaminta, wani farfesa da duk jami'a ke ji da shi, wanda ya daɗe yana faɗa a bainar jama'a cewa shi ba a taɓa ƙin takardarsa ba. Gwaggo ta taɓa roƙonsa sau ɗaya, ya ce mata ba shi da abin bayarwa, ba ta sake ba. Ranar Litinin ta makon jiya ina ɗakin, na zo karɓar tawa, sai ga shi ya hau benen yana haki, da tsohon fayil a hammata. Ya ajiye a kan tebur. Wasiƙa goma sha ɗaya.

"Gwaggo, kin san da su?"

"Ranka ya daɗe, na farkon ai ni na kai takardun gidan waya."

"Kina jina ina cika baki a taro, ba ki ce komai ba?"

"Ruwa nake rabawa, ban cika ji ba."

Ya yi dariya har ya zauna a kujerar katakon. Ta jawo rezarta kamar yadda ta saba, ya ɗora hannu a kan fayil ɗin.

"Bar sunan. In yaro ya ga an ƙi wani mara suna, zai ce ai shi ma irina ne. In ya ga an ƙi ni sau goma sha ɗaya, zai koma ya zauna ya gyara. Kuma abin da ke da suna ba ya buƙatar mai gadi."

Gwaggo ta daɗe tana kallon rezar, sannan ta mayar da ita durowar tebur. Ni kuwa na fita ban karɓi tawa ba. Daga ranar ta canja abin da take faɗa wa duk wanda ta kira. Takan ce, "Ga taka. Ko ka tafi da ita, ko in mayar mata da sunanka ta zauna. Farfesa ya bar nasa." Da yawa sun karɓi ambulan sun sulale, ba ta ce musu komai ba, ni ma ba zan ce ba, ko da yake ina da abin faɗa. Amma zuwa jiya mutum ɗari da talatin da biyu sun ce a rubuta. Shugaban ɗakin karatu ya ba kabad ɗin wuri kusa da ƙofar shiga, a buɗe, ba makulli.

Kada wannan ya sa hukuma ta ga kamar nauyi ya sauka daga kanta. Har yanzu ba a naɗa wanda zai riƙa taka bene da sanarwa a hannu ba, kuma kabad ba ya bin sa hannu bakwai. Wanda ya ga kujerun baƙi sun fi wannan aiki gaggawa, ya zo ya faɗa mana dalili. Ku kuma abokan aikina da kuka karɓi ambulan, ɗakin karatu yana buɗewa ƙarfe takwas.

Gwaggo, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya bar ki da Malam da ƙyallayensa. Jiya da na leƙa na same ta da ƙaramin biro, tana rubuta sunaye a gefen ramukan da ita ta yanke da hannunta. Na ce mata sannu da aiki. Ba ta ɗago ba.

"Kai ma taka tana nan, lamba ɗari biyu da shida. In rubuta?"

Na ce ta rubuta.