Ɗiyar da Ta Yi Mini Gudu Ba Takalmi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara arba'in ke nan ina riƙe da wannan magana. Da girmana na koyi rubutu, a makarantar yamma ta manya, sai ku yi haƙuri da ni.

Satin da ya wuce jikata Nana ta zo ta ɗaya a tseren 'yan mata a Tawa. Ina ta murna kamar yaro, mutane na cewa ta gaji kakanta. Ba ni ta gada ba. Uwarta ta gada, kuma ni ne na so kashe abin.

Uwar Nana ita ce ɗiyata ta fari. A ƙauyenmu, kusa da Galma, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi. In ina son wani abu sai in ce wa matata Hajjo, "Gaya wa yarinyar nan."

Tana lakwal, makarantar boko, aka gano tana da gudu. Mushensu, wato malaminsu, ya ba ta takalman zane farare, ya ce za a kai ta tsere a Tawa. Da yamma a bakin masallaci wani aboki ya ce, "Malam Idi, an ce ɗiyarka za ta nuna ma gwamna ƙwauri?" Aka yi dariya. Na koma gida, na ɗauki takalman na jefa a murhu. Tana tsaye tana kallo.

Alhali ni ina ɓoye nawa abin kunya. Shekara shida ina da gwaiwa. Kumburi ne a matsematsi, in na kwanta na danna ya koma. Ko Hajjo na hana ta faɗa.

Kakar da ta biyo bayan babban fari, ina ɗaga damin hatsi zuwa rumbu na ji abu ya tsinke. Na danna, ya ƙi komawa. Na ce ciwon ciki ne, aka ba ni jiƙo. Washegari da hantsi sai amai kore, ciki ya kumbura kamar tulu, ba bayan gida.

Fari ya cinye jakunanmu. Samari duk suna ci-rani. Motar likita tana Madawa, tafiyar da jaki kan yi daga hantsi zuwa azahar.

Ina kwance na ji Hajjo na cewa, "Ke, ina za ki? Ba ki da ko takalmi!" Sai ƙarar ƙyaure.

Yarinyar nan ta yanke ta gonaki da gudu zuwa Madawa, cikin kututturen kara da ƙarangiya. Rana ba ta kai tsaka ba motar ta tsaya a ƙofar gidana.

A asibiti aka ɗebi jini, aka sa mini ƙarin ruwa, aka zura roba ta hanci. Wata ma'aikaciya sa'ar ƙanwata ta yi mini aski inda na ɓoye shekara shida. Na rufe ido. Na ji tsoro sosai, ina ta kalmar shahada har allurar barci ta ɗauke ni.

Da na farka likitan ya ce, "Hanjin ya fara baƙi. Da kun kai la'asar sai mun yanke, kuma ban san ko za ka tashi ba. Wa ya kira mota?"

Na kasa faɗin sunanta. Na ce, "Wata yarinya ce."

Kwana uku ba ci ba sha. Kullum da safe ma'aikaciyar nan ta tsaya gaban kowa ta ce, "Baba, ka yi tusa?" Ranar da tusar ta fito, duk ɗakin sai da aka yi mini barka. Ragon layya da damman hatsi bakwai suka tafi a jinyar. Kwana goma sha biyu na yi.

Ranar da aka ce in fara takawa, na fita baranda riƙe da bango. Sai na ga yarinyar nan zaune a tabarma, ƙafafu biyu naɗe da bandeji. Hajjo ta ce, "Kwana biyu ana cire mata ƙaya. Dube ta da kyau, Malam. Kai ka ƙone takalman."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da na warke na tafi kasuwar Madawa na sayo takalman zane. Ko su ban iya miƙa mata ba, Hajjo na ba. Shekarar da ta biyo ta je Tawa, ta zo ta huɗu. Ta dawo tana dariya, ta ce wa uwarta albasar da muke bayarwa a banza a nan, can tsada gare ta.

Daga nan ta fara fataucin albasa, da buhu ɗaya. Yau manyan motoci take lodawa zuwa bakin teku. Shekarar da albasarta ta ruɓe a hanya na ji tana ce wa Nana, "Na taɓa zuwa ta huɗu ban mutu ba. Gobe a sake tashi." Ta iya tsayawa cikin maza ta yi ciniki ba ta sunkuyar da kai ba. A filin gudu ta koyo. Duk shekara ita ke saya wa 'yan matan lakwal ɗinmu takalma.

Shawarata biyu ce. Maza, in kuna da kumburin nan ku je a duba tun yana komawa. In ya ƙi komawa kuma ga amai, kada a tsaya jiƙo, a nemi mota nan take. Iyaye kuma, in ɗiyarku na da gudu, ku bar masu zaman bakin masallaci su yi dariyarsu. Ranar da na kwanta, ba ɗayansu da ya iya kai Madawa.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitocin nan, da Hajjo, Allah ya jiƙanta.

Likita, ka yi mini tambaya ban ba ka amsa ba. Ga ta yau, ko tsofaffin garinmu za su ce na yi rashin kunya.

Sunanta Zeinabu. Ɗiyata ce. Zeinabu, ki yafe mini.