Rumbun Baba

Mai tantance masu neman tallafin abinci ya tsaya tsakar gidanmu a Kafur, maƙwabta cike da ƙofa, ya nuna rumbu da baki.

"Baba, akwai hatsi a nan?"

Baba ya saci kallon surukinsa da ke tsaye cikin maƙwabta, ya ce wa mutumin, "Alhamdulillahi ɗana, asiri a rufe."

Shi ke nan fa, wai ba mu cancanta ba. Mutumin ya hau babur abinsa.

Wallahi ko ɓera ya yi ƙaura daga rumbun nan. Na ce mutumin ya dawo ya leƙa, Baba ya daka min tsawa.

Ku gaya min, jama'a: dole sai magidanci ya tsiraita kansa gaban suruki kafin a ba shi mudun masara?