Dakashin Da Kika Hana A Zubar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab, Allah Ya karɓi ran Malama Zulaihat Gazali, ma'aikaciyar jinya a Kebbe, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ina daka labarin ya same ni a Fakku, na ajiye taɓarya na zauna a ƙasa.

Malama, 'ya'ya biyu na binne kafin na san ki, duk gudawa ta ɗauke su ba su yi arba'in ba. A gidanmu, in mace ta haihu, sai a tatse dakashi, nonon farkon nan mai kauri rawaya, a zubar wai dauɗa ne, a ba jinjiri ruwa da madarar akuya har farin nono ya zo. Da na haifi ta uku, 'yar ƙarama kamar 'yar tsana, wallahi na fid da rai.

Sai ga ki bisa babur, zanenki duk taɓo. Kika tarar da surukata, Inna Tambaya, riƙe da ƙwaryar tatsa. Ba ki yi mata faɗa ba. Durƙusawa kika yi, kika gaishe ta, sannan kika ce:

"Inna, in ƙaya ta soke ki ga yatsa, mi kika fara yi?"

"Baki nika sa shi mana."

"To, cikin miyau da hawaye Allah Ya sa wasu 'yan ƙananan furotin masu huda ƙwayar cuta su kashe ta. Dakashi cike yake da irinsu. Wagga ɗiya garkuwar jikinta ba ta yi ƙwari ba, ta uwarta za ta ara."

Inna ta ce tun kakanni haka aka yi. Kika ce ba ki tashi sai kin ga jinjirar ta kama nono. Nan kika wuni kan tabarma, ko fura kika ƙi sha, har Inna ta kife ƙwaryar da hannunta, ta miƙo mini ɗiyata.

Ina kewarki, Malama, ƙwarai da gaske.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba maigidanki Malam Sirajo, da 'ya'yanki, da jama'ar Kebbe da Tambuwal haƙurin wannan rashi.

Na yi niyyar in kawo miki jinjirar nan, Nasiha, ki gani bayan girbi. Ta fara tafiya, Malama, kuma ita ce ɗiyata ta farko da ta taɓa kirana Inna.