Baba Joshuwa da Filogi na Shida

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Baba Joshuwa, bakanike na Gyadi-Gyadi. Duk tsawon wannan lokaci ban rubuta komai a kansa ba. Wani abu da ya faru a layinmu watan jiya shi ya tilasta mini, kuma zan kawo maganar daki-daki, yadda shi ma ya saba yin aikinsa.

Bayarabe ne, Kirista, mutumin Ogbomosho. Na san shi tun a shekarun hamsin, kafin a ba mu mulkin kai, lokacin da Gyadi-Gyadi gonaki suka fi gidaje yawa. Yana da rumfar kwano a gindin wata tsamiya a bakin hanyar Zariya. Yau babu tsamiyar, shagunan sayar da kayan mota ne a wurin, kuma da wuya ka sami mutum ɗaya a cikinsu da zai gaya maka aikin abin da yake sayarwa.

A wancan lokaci ina tuƙa wa wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Tarauni. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa suna nan. Motarsa baƙa ce mai silinda shida, kuma duk Tarauni ita kaɗai ce ƙaramar mota. Wata rana ta fara abin da muke kira misin, wato silinda ɗaya ta ƙi kama wuta a kan lokaci, mota ta riƙa fizga kamar mai ɗingishi, salansa tana harbi. Alhaji ya kira wani bakanike daga cikin gari. Mutumin ya sake filogi, ba ta daina ba. Ya kwance kafireta ya wanke, ba ta daina ba. Da ya rasa abin faɗa, sai ya dube ni ya ce ai fetur ɗin ne da kananzir a ciki, a tambayi mai sayo shi.

Ni ne mai sayo shi, garwa-garwa. A zauren Alhaji, gaban mutum fiye da goma, aka ce ina sayar da rabin man ina cikawa da kananzir. Aka karɓe makulli. Matata tana goyon ɗanmu na fari. Surukina a Daurawa, wanda kullum yake tashi ya ba ni buzu, ya koma amsa gaisuwata da ka. Aikin bai dame ni kamar sunan ba. Direban da aka ce ɓarawon mai ne, a Kano ta wancan zamani, babu wanda zai sake miƙa masa makulli.

Kwana uku bayan haka na je wurin Baba Joshuwa. Bai ce ya yarda da ni ba, bai ce bai yarda ba. Ya ce, "Garba, zauna. Yaushe take yi? Da safe ko da rana? A tsaye ko a tafe?" Na ce a tsaye lafiya lau take, a kan kwalta ma ba ta yi, sai an shiga gargada ta hanyar Tarauni. Ya yi dariya ya ce, "To wannan kananzir naka malami ne, har ya san hanya." Ya rufe akwatin kayansa muka tafi a ƙasa.

Alhaji bai so ba, amma mota ta kwana uku a rumfa kuma kaka ta kama. Ya ce a duba. Ga yadda aka duba, kuma ina roƙon masu garejin yau su karanta a hankali.

Da farko Baba Joshuwa bai taɓa sifana ba. Ya ɗebo man tanki ya zuba a tafin hannunsa, ya ɗaga kowa ya gani. Kafin a ƙirga ashirin hannun ya bushe ƙarau. Ya ce fetur tashi yake yi, kananzir kuwa maiƙo yake bari. Ya miƙa wa Alhaji hannun ya ce, "Ranka ya daɗe, taɓa." Alhaji ya taɓa.

Na biyu, ya sa na tayar da ita, ya tsaya yana saurare, ya kai hannu bakin salansa yana jin bugun hayaƙi. Daidai yake. Na uku, ya ɗauki sukundireba mai ƙotar katako ya riƙa kashe wutar filogi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya kashe, sai inji ya rage murya, alamar wannan silinda tana aiki. Duka shidan suka amsa. Na ji wani a zauren yana cewa ai ga shi nan, Bayaraben ma ya rasa.

Baba Joshuwa ya ɗago kai. Ya ce tunda ba ta yi sai a gargada, to a kawo mata gargada har gida. Ya zaɓi mutum huɗu, kuma na lura waɗanda suka fi zaƙewa wajen kirana ɓarawo ya zaɓa. Ya ce su naɗe riguna su girgiza motar tana cikin aiki. Suka kama, suna nishi. Nan take ta fara fizga, salansa ta harba. Ya sake bin filogogin ana girgizawa. Da ya zo kan na shida, na can ƙarshe kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, ya kashe shi, murya ba ta sake ba. Ya leƙa, ya daɗe a sunkuye, sannan ya miƙe ya ce a kashe mota.

Laya ce. Alhaji ya karɓo ta don tsarin hanya, ya ɗaure ta da hannunsa ba tare da ya gaya wa kowa ba, a inda ido ba zai gani ba. Da siririyar wayar tagulla ya ɗaure ta a jikin wayar filogi. Nauyin layar ya yi ta ja har tagullar ta yanke robar da ke jikin wayar filogin, duk sanda mota ta girgiza sai bakin tagullar ya taɓa ƙarfen inji, wuta ta bi can ta bar filogi.

Wani zai yi tsammanin Kirista zai yi dariya a nan. Bai yi ba. Ya mai da hannuwansa baya ya ce, "Alhaji, wannan ba hannuna ne zai kwance ta ba. Zo ka ɗauke abinka da kanka, mu nema mata wuri a ciki inda babu wuta." Alhaji ya kwance, Baba Joshuwa ya sake wayar, mota ta tashi sumul. Alhaji ya jefo mini makulli ya juya zai shige gida. Sai Baba Joshuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, saura mataki ɗaya. A nan aka ce Garba ya yi sata. Mutanen ga su nan ba su watse ba." Baba Joshuwa baƙo ne, ba shi da kowa a Tarauni, kuma manyan motocin gyaɗar Alhaji rabin cinikinsa ne. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa kamar ba zai juyo ba. Daga baya ya juyo ya ce, "Jama'a, Garba bai ci mini komai ba." Kafin la'asar magana ta kai Daurawa. Alhaji kuwa bai sake kai wa Baba Joshuwa ko taya ba.

Yanzu ga abin da ya sa ni rubutu. Maƙwabcina a Unguwar Gano, babban ma'aikaci, yana da direba, Malam Sale, magidanci mai 'ya'ya biyar, shekararsa takwas yana tuƙa shi. Mota ta fara misin. Aka kai gareji. Suka sake filogi, suka sake kwayil, suka farke kafireta, babu wanda ya tambayi yaushe take yi. Da kayan sakewa suka ƙare, sai suka ce man bumburutu ne, direba yana saye a bakin titi. Kalma ɗaya ba su sake ba daga abin da aka faɗa a kaina tun ina da baƙin gashi! Aka sallami Malam Sale gaban masu gadi da masu shayi, ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauyensu. Mota kuwa ta ci gaba da fizga.

Na je da sukundireban Baba Joshuwa, wanda 'yarsa ta ba ni bayan an binne shi. Na tambaya, aka ce ba ta yi sai da safe in an kwana ana ruwa. Na bi mai, na bi wuta. Murfin da ke raba wuta zuwa filogogi ne ya tsage, tsaga kamar silin gashi, danshi yana shiga. Aka sake shi, magana ta ƙare. Na ce wa maƙwabcina saura a aika wa Malam Sale. Ya ce, "Baba, ai an riga an ɗauki wani. Haka Allah ya so."

Da Baba Joshuwa yana raye ban san abin da zai ce da waɗannan garejin ba. Ina jin ba kayan da suke ɓarnatarwa ne zai fi ƙona masa rai ba. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shi ne bakanike ya kasa gano laifin ƙarfe, ya ɗora wa mutum, don ƙarfe sai an sunkuya an bincika, direba kuwa ba shi da bakin musu.

Da ya rasu bai bar gida ba, bai bar gareji ba, sakamakonsa yana wurin Mahaliccinsa. Abin da ya bari tsari ne: a tambaya, a saurara, a duba mai, a bi wuta, a ƙarshe a wanke wanda aka ɓata a gaban waɗanda suka ji. Maƙwabcina yana karanta wannan jarida, kuma ya san ranar Asabar da safe ina ƙofar gidansa, na kuma san hanyar ƙauyen Malam Sale. Motarsa tana tafiya lafiya yanzu. A ƙa'idar Baba Joshuwa, har yau ba a gama gyaranta ba.