Lambar Wayar Umma

Tsito ake ce masa tun yana yaro, har ya girma ya zama mai rubuta manhajar kwamfuta sunan bai sake shi ba. Gwani ne, wannan ba musu. Sai dai in ya kafe a kan magana, gara ka ja jaki ya sha ruwa da ka juya shi.

Lokacin da wani asibiti ya ba kamfaninsu aikin shafin da marasa lafiya za su riƙa duba sakamakon gwajinsu, gardama ta kaure tsakaninsa da abokin aikinsa, Mai Gemu. Kayan aikin da suke gina shafuka da su sun zo da tsarin rajista shiryayye: kowa da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa. Tsito ya ce atafau sai sun ƙera nasu.

"Wace tsohuwa ce za ta riƙe sunan shiga?" in ji shi. "Lambar waya kawai. Lamba ɗaya, mutum ɗaya."

"Malam, gida nawa ka sani mutum biyar ke amfani da waya ɗaya?" Mai Gemu ya ce. "Mu bar na asali, mu ƙara masa gurbin lamba. Wannan harsashi ne fa. In an ɗora gini, ba ya canzuwa."

Tsito ya fi shi baki, shugabansu kuma na sauri, aka bi ta Tsito. Da ƙorafi ya fara zuwa daga asibitin, cewa ana samun sakamakon wani a sunan wani, sai ya ce laifin masu karɓar rajista ne. A ransa kuwa ya san gaskiya, kuma tana cin sa. Gyaran na nufin taɓa bayanan dubban mutane, ga kunyar Mai Gemu, sai ya yi ta ɗaga abin zuwa wata mai zuwa.

Wata ranar hutu da yamma ya je gaida mahaifiyarsa. Yayarsa na kicin tana wanke-wanke. Ta rame kwanan nan, ta ce wai gajiyar aiki ce. Umma ta miƙo masa wayarta.

"Ɗan nan, asibitin naku sun turo saƙo. Duba min, ko na hawan jinin nan ne."

Ya buɗe. Sunan Umma ne a sama, amma gwajin na ƙari ne a nono, kuma likita ya rubuta cutar daji, a dawo da gaggawa. Umma ba ta taɓa yin wannan gwajin ba. Ya duba ranar da aka yi gwajin. Makon da wayar Yaya ta faɗa ruwa ne. Ashe lambar Umma ta bayar a asibitin, manhajarsa kuma ta ga lambar tana da mai ita, ta zuba sakamakon a can. Abin da Yaya ta ɓoye wa kowa, aikin hannunsa ya kawo shi tsakar ɗakin uwarsu.

"Me ka gani?" Umma ta ce. "Faɗa min. Na wuce shekarun tsoron mutuwa."

Ƙarar kwanuka a kicin ta tsaya.

"Ba naki ba ne, Umma. Kuskure ne daga wurinmu. Na wata ne ya shigo."

"Mai tsanani ne?"

"E."

Umma ta sauke ajiyar zuciya, ta yi hamdala, sannan kunya ta kama ta. Ta ɗaga hannu.

"Wayyo, baiwar Allah. Ko 'yar wa ce, Allah ya ba ta lafiya, ya ba uwarta haƙuri."

Yaya na tsaye a bakin ƙofa, kumfar sabulu na ɗiga daga hannunta. Ba ta kalli Umma ba, Tsito take kallo.

"Amin," ta ce.