Minti Biyar Kafin Ƙofar Makabarta

Duk wanda ya ce maka tsufa ne ya raba Alfons Niehaus da aikinsa, ka ce masa Roswitha ta ce ƙarya yake yi. Ina wurin. Shekara ashirin da biyu muna aiki tare a gidan shirya jana'iza na garinmu, ni ina ofis ina amsa waya ina ɗaura furanni, shi yana tuƙa motar gawa, kuma a kan idona aka yi komai.

Kamfanin siminti yana gabas da garinmu tun zamanin kakanninmu. Sun ce sun gyara bututun hayaƙinsu, to madalla, amma har gobe in ka ajiye baƙar mota a waje na awa biyu za ka iya rubuta sunanka a jikinta da yatsa. Sai dai kada ka kuskura ka gwada a motar Alfons. Wani ɗan sanda ya taɓa yi da wasa, Alfons ya bi shi har bakin ofishinsu yana gaya masa maganganun da bakina ba zai maimaita ba.

A gidajen ma'aikatan kamfanin aka haife shi, inda mata ba sa shanya sai sun duba ta ina iska ke kaɗawa. Dogo ne siriri, ba ya dariya sai ta kama dole. Matarsa ta rasu tun da daɗewa, 'yarsa ɗaya tana aure a kudu. In ka cire motar nan da kofin da yake sha kullum da ƙarfe goma na safe, ban san abin da ya rage masa ba.

Ranar Asabar yake wanke ta, da hannu, bokiti biyu. Sauran kwanaki kuwa sai tsintsiyarsa ta gashin jimina, wadda yake ajiyewa cikin doguwar jakar yadi a bayan kujera. Kafin ya fara zai cire zobe da agogo, ya juya kan bel ɗinsa baya. Daga rufi yake gangarowa, hanya ɗaya, ba ya komawa inda ya riga ya bi, kuma gashin da ƙyar yake taɓa fentin. In ya gama ƙofa ɗaya sai ya ja da baya ya kaɗe tsintsiyar nesa da motar. In kuwa raɓa ta riga ta sauka a kan ƙurar, ba ya taɓawa sam, sai ruwa.

Ina sabuwar zuwa na ɗauki tsumma zan taimaka masa.

"Roswitha, ajiye wannan abin."

"Ƙura ce kawai zan goge maka."

"Ba a goge ƙura, ɗaga ta ake yi. Wannan dutse ne aka niƙa. In kin danna, kin ɗauki dutse kin bi fenti da shi ke nan."

"To, sannu likitan mota."

"Yauwa. Koma wajen furanninki."

Raina ya ɓaci ranar, sai da na yi kwana uku ban kai masa kek ba.

Abin da gari ya san shi da shi shi ne tsayawa. Hanyar makabarta ta bayan kamfanin take bi, inda manyan motoci ke shiga da fita. Saura ɗan taƙi a kai ƙofa, gindin wata tsohuwar bishiya, sai Alfons ya ja birki, da gawa a ciki, da motocin dangi a bayansa. Ya fito, ya ɗage ƙurar hanya daga rufi har ƙasa, ya koma ya tayar. Minti biyar ne, ba ya wuce haka. 'Yan gari sun saba, kashe injin suke yi su jira. Tsohon maigidanmu bai taɓa ce masa uffan ba.

Sai tsohon ya mutu, ɗansa Torsten ya dawo daga birni da takardar karatun kasuwanci ya hau kujera. Yaron da ya tashi yana cewa Kawu Alfons, yana roƙon a bar shi ya danna oda, rana ɗaya ya koma cewa Herr Niehaus, wato Malam Niehaus. Ya sa na'ura a motar da ke nuna masa inda take. Ya tsara jana'iza uku a yini, kowace da mintocinta. Ba zan zalunce shi ba, gidan yana neman durƙushewa lokacin da ya karɓa, kuma yana tsoro. Amma tsoro bai ba mutum izinin rashin kunya ba.

Wasu dangi da suka zo daga Hamburg suka kai ƙara, wai direba ya tsayar da gawar uwarsu a bakin titi yana kwalliyar mota. Torsten ya ba Alfons takardar gargaɗi. Alfons ya ninke ta ya sa a aljihu, washegari ya sake tsayawa. Takarda ta biyu ta zo, wannan karon a gabana.

"Herr Niehaus, in aka yi ta uku, makulli za ka ajiye min. Ba wasa nake ba."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Ka kaɗe ta a gareji kafin ka fita, wa ya hana ka?"

"Ina kaɗewa. Kai kuma ka ɗauke min kamfanin daga hanya."

Shekarar Alfons sittin da uku lokacin, saura biyu ya yi ritaya. Wa zai ɗauki tsoho irin wannan aiki a garin da gidan jana'iza ɗaya ne? Na tsare shi a gareji na yi masa tatas. Na ce girman kai ne, na ce matattu ba su san an yi ba, na ce in ya rasa motar nan zama zai yi a ɗaki ya bushe kamar tsohon burodi. Ya saurare ni har na gaji.

"Kin gama?"

"Ban gama ba. Ka yi min alkawari."

Ya yi. Kuma ya riƙe, sati shida cur yana wuce bishiyar nan ba ya ko kallonta. Amma ya daina shan kofi da mu, in ya dawo daga makabarta sai ya shige gareji ya rufe ƙofa. Na samu abin da na roƙa, kuma Allah ya sani ban ji daɗinsa ba.

Ana nan sai Janek Wrobel ya mutu. Wani tsoho ne ɗan Poland da ya yi shekara arba'in a bakin murhun kamfanin, kowa ya san tarinsa tun kafin ya shawo kwana. Ba mata, ba ɗa, hukuma ta nemi dangi ba ta samu ba, ta ce mu binne shi ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya. Irin wannan jana'izar a ƙaramar mota ake kai ta, to tana wajen makanike, dole aka fito da baƙar. Masu ɗaukar akwati ma uku suka samu, Torsten ya sa baƙar kwat ya zama na huɗu. Ni na bi su da ɗan furen da na haɗa daga ragowar na jiya, don ba na son a binne mutum hannu rabbana.

A asibiti, wajen ɗauko gawar, aka ɓata mana awa guda a fili kan wata takarda. Rana ce ta iska, babu ruwa kwana goma. Kafin mu wuce bayan kamfanin motar ta koma ruwan toka, ina kallonta daga motar Torsten da ke biye. Muka doshi bishiyar. Jar fitilar birki ta kama.

"Kada ya yi min haka," in ji Torsten.

Alfons ya fito. Ya cire zobe, ya cire agogo, ya juya bel. Torsten ya buɗe ƙofa ya nufe shi, ni ma na bi.

"Herr Niehaus, koma mota. Fadan coci yana jira, muna da wata ƙarfe ɗaya."

Alfons ya ɗora gashin a kan rufi ya ja a hankali.

"Wa zai gani, Herr Niehaus? Dubi bayanka, babu kowa. Mutumin nan ba shi da kowa."

"Na sani."

"To don me za ka zubar da aikinka?"

Alfons ya ja da baya ya kaɗe tsintsiyar, sannan ya dubi yaron.

"Shekara arba'in yana shaƙar abin nan, Torsten. Shi ya cinye masa ƙirji. Ba zan shiga da shi makabarta yana lulluɓe da shi ba."

"Kawu Alfons, don Allah. In na ƙyale ka yau, maganata ta zama banza a wajen kowa."

"Kada ka ƙyale ni. Matsa dai, kana tare min ƙofa."

Na buɗe baki zan tuna masa alkawarin, sai na rufe. Kunya ce ta kama ni, ta kaina. Muka tsaya muna kallonsa, ni da Torsten da masu ɗaukar akwati, ya bi ƙofa bayan ƙofa, bai ƙara sauri ba bai rage ba, har motar ta dawo baƙa wuluk. Ya mayar da agogonsa, ya zare makullin ya miƙa. Torsten ya tsaya kamar ba zai karɓa ba. Da ya ce a bar maganar, da an bar ta, kuma na ga alamar yana so. Amma akwai idanun mutum huɗu a kansa, ya miƙa hannu ya karɓa. Aikin shekara talatin da ɗaya ya ƙare a nan, bai sake komawa ba har yau.

Torsten ne ya ja motar sauran hanyar. Na ce wa Alfons ya zo in kai shi gida, ya girgiza kai. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya bi bayan motar a ƙafa, inda dangin mamaci suke bi. Na ɗauki furena na bi shi.

A aikinmu direba ba ya zuwa bakin kabari, wajen mota yake tsayawa har a gama. Duk shekarun nan Alfons ya kai rabin garin nan makabarta bai taɓa ganin saukar da ɗayansu ba. Ranar ya tsaya a gaba. Aka saukar da akwatin, Fada ya yi addu'arsa a gurguje, sannan ya ɗauki ɗan shebur ɗin da ake miƙa wa na kusa da mamaci ya fara zuba ƙasa. Baƙo ne a garin, bai san fuskokinmu ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"An ce min ba shi da kowa. Ko akwai nasa a nan?"

"Akwai," in ji Alfons, ya miƙa hannu ya karɓi shebur ɗin.